Yarinyar Cikin Tabarau da Ƙafar Kaka

"...ya ƙarfin jiki kuma, amarya?"

"Jikin da ka zo ka murɗe shekaranjiya? Shigo ka rufe min ƙofa, ƙyallin kanka na kashe min ido."

Sanƙo ya shigo yana dariya, da baƙar jaka rataye a kafaɗa. Likitan gashin ƙashi ne a wani asibiti, shekararsa talatin da ɗaya, amma gashin kansa ya fara gudu tun yana makaranta. Kakarsa ce ta laƙaba masa sunan, ya bi shi har wurin aiki. Ita kuwa Kaka tela ce da ta shekara arba'in tana yanka tana ɗinkawa. Unguwa kaf Almakashi ake ce mata, rabi don sana'a, rabi don baki.

Wata bakwai da suka wuce santsi ya kwashe ta a banɗaki, ƙashin ƙugu ya karye. An yi aiki, ƙashi ya haɗe, hoto ya nuna babu sauran matsala. Tana motsa ƙafa a kan gado yadda aka ce, tana zama a kujera in an ɗaga ta. Amma da an ce ta miƙe sai jikinta ya ɗau rawa, ta damƙe ƙarfen gado ta ce ƙasa na juyawa. Daga ƙarshe 'ya'yanta suka yanke shawara: yau da tsakar rana babbar 'yarta, goggon Sanƙo, za ta zo da mota ta ɗauke ta, a rufe gidan da ta shekara hamsin a ciki. Akwatuna biyu na jingine bayan ƙofa, an riga an ɗaure su.

Sanƙo ya dubi akwatunan. "Na ga an haɗa kaya. Yaji za ki yi ban sani ba?"

"Wane yaji? Sakinka na yi. Miji wata bakwai ya kasa tayar da matarsa daga gado, sai dai ya zo ya ja min ƙafa yana ɗaya, biyu, uku, kamar ɗan aji ɗaya."

"Ni na kasa? Makon jiya na tayar da tsoho mai shekara tamanin da tara, yanzu haka jikokinsa ba sa iya kamo shi. Ke kaɗai kika maƙale wa katifa kamar kuɗin cizo."

"Matso kusa ka ga ko ina cizon."

"Da wane haƙori?"

"Guda huɗun da suka rage sun fi gashinka yawa. Me ke cikin jakar? In magani ne mayar. In abinci ne ajiye ka fita."

Ya zauna a kujerar roba ya zuge jakar. Ya fito da wani farin abu mai kama da tabarau, amma kauri kamar bulo, da maɗaurin da ke zagaye kai. Ya fito da ƙananan maɗaurai huɗu, da kwamfutar hannu, da wata faffaɗar ɗamara mai mariƙi a baya.

Kaka ta karkata kai. "Takunkumi?"

"Tabarau ne."

"Takunkumi dai. Sun ga bakina ya fi ƙarfinsu, sun aiko ka ka ɗaure, kai kuma da yake kan naka ƙwarya ce, ka ɗauko na ido."

"Saurara ki ƙaru, tsohuwa. In kin sa shi, ɗakin nan zai ɓace, ki tsinci kanki a wani ɗaki daban. Akwai madubi a ciki. Waɗannan huɗun a hannu da ƙafa ake ɗaura su. In kin ɗaga hannu, wadda ke cikin madubin ta ɗaga, in kin motsa ƙafa ta motsa. Jiki ake ara miki. Mu sura muke ce masa."

"Aron jiki. Na ji aron tukunya, na ji aron tsani. Ban san talaucinku ya kai ga jiki ba."

"Mun fara gwada shi a wurin aiki ga waɗanda ƙashinsu ya warke amma tsoro ya hana su tashi. Wasu yana yi musu. Wasu jiri yake sa su, mu cire."

"Wa ya ce maka tsoro nake ji?"

"Ƙarfen gadon nan ne ya kawo min ƙara. Ya ce kin kusa lanƙwasa shi."

Ta yi tsaki ta juya fuska bango, amma idonta ya dawo kan abin. "Sa shi kai na gani. Ban taɓa sa wa mutum riga ba sai na gwada ta a jikin mutum-mutumin shago. Yau ga mutum-mutumi ya kawo kansa."

"Na yarda. Akwai ma surar da ake sa mu ma'aikata mu shiga. Hotonka ake ɗauka a ƙara maka shekara hamsin, don ka ɗanɗana abin da marasa lafiyarka ke ji."

"A tsofar da kai? Yi maza. Gyara min matashi in zauna da kyau, yau zan yi kallo."

Ya gyara mata zama, ya miƙa mata kwamfutar don ta riƙa ganin abin da yake gani. Ya ɗaura maɗauran, ya kifa tabaran a fuska. A allon sai ga wani tsoho zaune gaban madubi, baya a duƙe, gemu fari fat, hannu na karkarwa. Sanƙo ya ɗaga hannu, tsohon ya ɗaga nasa a hankali.

Kaka ta yi dariya har ta sarƙe. "Wayyo cikina. Dubi wuya kamar igiyar shanya. Dubi kumatu, sun bar gari. Ashe haka za ka ƙare? Gwamma da na sake ka da wuri."

"Dishi-dishi nake gani. Hannun ma kamar ba ya jin maganata."

"Sannu Baba Tsoho. A kawo maka ruwan ɗumi?"

Ya juya kai zai ba ta amsa, tsohon cikin allon ya juya gefe. Dariyar ta tsaya.

"Sake juyawa," ta ce. "Haka. Tsaya a nan."

Ta kawo allon kusa da fuska. Ta sa bakin mayafi ta goge gilashin, duk da babu ƙura a kai.

"Kunnen ne," ta ce a hankali. "Kunnen kakanka ne sak, da yadda yake sauke kafaɗa in ya dawo aiki."

Sanƙo ya bar tsohon a juye har ta gama kallo. Can ta ja hanci ta kifa allon a cinya.

"Shi dai da gashinsa ya koma ga Allah. Cire abin nan, ka ishe ni."

Ya cire tabaran ya ajiye. Zai tashi ya zuge labule, sai ya dafa gwiwa da hannu ɗaya, ɗayan a ƙugu, ya ce, "Wash." Ya nufi taga da gajerun taku, yana jan ƙafa.

"Tsaya nan," in ji Kaka. "Me ka ce?"

"Ban ce komai ba."

"Ka ce wash. Ka dafa gwiwa. Kana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai a aljihu."

Ya dubi hannunsa da ke ƙugu, ya sauke shi da sauri. "Ƙafata ce ta yi sanyi."

"Ƙarya kake, ɗan talatin. Tsufan ya biyo ka waje. Allah na gode maka da ka nuna min ranar nan. Bari goggonka ta zo, kai za ta sa a mota."

"To na ji, kin kama ni. Haka yake yi mana duka. Ido ya faɗa wa kai jikin nan tsoho ne, kai ya yarda, sai ƙafa ta bi. Minti biyar fa na yi a ciki." Ya nuna keken asibitin da ke gefen gado, da jerin kwalaben magani a kan durowa. "Ke wata bakwai me kike kallo? Wannan, da wannan, da masu zuwa dubiya suna yi miki sannu ƙasa-ƙasa kamar an riga an yi rasuwa."

"Wa'azi ka zo yi ko aiki?"

"Aiki."

"To kawo takunkumin. Amma in ka karkata min ɗankwali, sai na aske maka girar da ta rage."

Ya naɗe dardumar tsakar ɗaki ya jingine, ya ture kujera gefe. Ya zaunar da ita a bakin gado, ƙafafunta a ƙasa. Ya ɗaura mata maɗauran, ya zagaya mata ɗamarar a ƙugu ya ja ta tsam.

"Wannan kuma ta mece ce? Akuya ka samu?"

"Akuya ai tana tafiya."

Ya sa mata tabaran ya danna allon. Makonni uku ya yi yana haɗa wannan sura daga wani tsohon hoto da ya samo a jakar mahaifinsa: Kaka tana da shekara talatin da biyu, tsaye a ƙofar shagonta, tef ɗin awo rataye a wuya. Ya haɗa shagon ma yadda yake tunawa da shi tun yana yaro, da dogon teburin yanka, da yadika jere a kanta, da madubi mai tsayin mutum.

Kaka ta daskare a zaune. Ba ta motsa ba har Sanƙo ya fara tunanin jiri ne.

"Amarya? In cire?"

"Taɓa ka gani." Ta ɗaga hannun dama a hankali. A allon, wata doguwar mace mai cikar kumatu ta ɗaga nata. Ta juya tafin, macen ta juya. "Wace ce wannan?"

"Ke ce, kafin ki lalace."

"Ka rage min wuya. Wuyana ya fi haka tsawo, sai da mutane suka riƙa zuwa ɗinki don su kalle shi."

"Hoto ba ya ƙarya."

"Mai hoton gajere ne, daga ƙasa ya ɗauka. Wa ya ɗinka rigar nan?"

"Na'ura."

"Kafaɗar hagu ta fi ta dama. Ka faɗa wa na'urar ta zo in koya mata."

Tana magana, shi kuwa bayanta yake kallo. Bayan da ya saba gani a duƙe yana miƙewa kaɗan-kaɗan. Haɓarta ta ɗaga. Ta gyara zaman kafaɗa kamar mai jiran a ɗauke ta hoto. Muryar ma ta canja, ta bar ƙasan maƙogwaro ta koma irin wadda yake ji tun daga bakin titi in an aike shi shago. Ta ɗaga ƙafa ɗaya ta karkaɗa, ta ga yarinyar ta karkaɗa tata, sai ta yi wata 'yar dariya da bai taɓa ji a bakinta ba.

"Ka ga ƙafa? Da wannan ƙafar na taka keken ɗinki na aurar da ubanka."

"Na gani. Dubi hagunki, ga teburinki can."

Ta juya kai. Nan take fuskarta ta ɗaure.

"Wane sakarai ne ya bar almakashi a buɗe a bakin tebur?"

Da gangan ya ajiye shi haka. Duk jikan da ya taɓa shiga shagon ya san ranƙwashin da ke biyo bayan wannan laifi.

"Ni ne," ya ce.

"Na sani, ai aikin ya yi kama da kai. Je ka rufe shi."

"Ba na ciki, amarya. Ke kaɗai ce a shagon."

"Rabinsa a waje yake. Zai faɗo bakinsa ya lalace."

"To ya faɗo. Ai ba nawa ba ne."

"Ɗan banza marar gado. Almakashin da na..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta dafa katifa da hannu biyu, ta yi tsaki, ta miƙe.

Sanƙo ya zagaya bayanta ya kama mariƙin ɗamarar. Bai yarda ya yi ko tari ba. Ta ɗaga ƙafar da ta karye ta ajiye. Ta jawo ɗayar. Yana ƙirgawa a zuci. Uku. Huɗu. Tana tafe tana mita a kan yaran zamani da ba su san darajar kayan aiki ba. A na bakwai ta miƙa hannu cikin iska, ta haɗe yatsu, ta tura wani abu da ba ya nan zuwa tsakiyar teburin da ba ya nan.

"Yadin ma a karkace aka shimfiɗa shi. Ku dai ba ku da ido." Ta ƙara taku biyu tana shafa iska da tafin hannu.

"Amarya."

"Kar ka dame ni ina aiki."

"Zan cire miki tabaran. Ki tsaya yadda kike, ina bayanki."

Ya zare shi da hannu ɗaya. Ta ƙifta ido. Ga taga a gabanta, kusa har tana jin ɗumin rana a fuska. Ta waiga, ta hango gadon can baya da ramin jikinta a katifa. Sai ta sunkuya ta dubi ƙasa, ta ga ƙafafunta na gaske, kumburarru, da jijiyoyi a kwance. Gwiwoyinta suka fara rawa.

"Sanƙo, riƙe ni." Babu wasa a muryar ko kaɗan.

"Ina riƙe da ke. Ba za ki faɗi ba."

"Ƙasa na juyawa."

"Bar kallon ƙasa. Dubi taga. Ja numfashi."

Ta ja, amma rawar ba ta tsaya ba, yana jin ta a hannunsa ta cikin ɗamarar. Kujera na kusa, da ƙafa ɗaya zai iya jawo ta. Ya san in ta zauna yanzu a tsorace, da wuya ta sake yarda ta tashi. Sai ya saki murya.

"To madalla. Mun gode wa yarinyar, ta yi ƙoƙari. Bari in ɗauki tsohuwa in mayar da ita gado kafin mota ta zo."

"Wa ta yi ƙoƙari?"

"Yarinyar cikin tabarau. Taku tara ta yi, ni na ƙirga."

"Da ƙafar wa?"

"Da tata mana. Ba kin ga ƙafar ba? Santala-santala."

"Hoto ne fa, kai mai kan tulu. Hoto na taka ƙasa?"

"Ni dai abin da na sani, wata bakwai ina lallashin wata tsohuwa ta ƙi. Yarinya na zuwa, minti goma, sai ga tafiya. Gobe zan rubuta a asibiti: wadda ta yi tafiya 'yar talatin da biyu ce."

"Ka rubuta me?"

"Ita za a yaba. Ke kuma a ce kin raka ta."

Kaka ta juyo da kai ta harare shi ta gefen ido. Rawar gwiwar ta ragu, ya ji a hannunsa.

"Ni na haifi yarinyar nan, ni na binne ta. Duk abin da ta iya, ni ta bar wa. Miƙo min ƙarfen nan da kuka kawo min nake shanya tawul a kai."

Ya miƙa ƙafa ya jawo ƙarfen dogarawar, ya yar da tawul ɗin. Ta damƙe shi da hannu biyu.

"Gado yana bayanki," ya ce.

"Na san inda gado yake, mun saba. Buɗe min ƙofar falo."

Daga ƙofar ɗaki zuwa ƙofar gida taku goma sha huɗu ne. Ta tura ƙarfen, ta bi shi. Ta sake turawa. Gumi ya tsattsafo mata a goshi. A tsakiyar falo ta tsaya tana haki, ta ƙura wa kabad ido.

"Kin gaji? In kira yarinyar ta karɓe ki?"

"Ƙura nake dubawa. Dubi saman kabad ɗin nan. Wata bakwai kuna ce min ana shara."

"Saura shida."

"Ka daina ƙirga min, ba awaki kake sayarwa ba. Kuma sassauta igiyar nan, kana ja na baya."

"Yatsa biyu kawai na sa."

"Cire ɗaya."

Ya cire ɗaya. Tana taku na goma sha biyu suka ji tsayuwar mota a waje, sai ƙarar rufe ƙofa, sai sallamar Goggo da ƙwanƙwasa.

"Bari in buɗe," in ji Sanƙo.

"In ka taɓa ƙofar nan sai na karya maka abin da babu mai gasa shi."

Ta yi taku biyun da suka rage. Ta saki ƙarfen da hannu ɗaya, ta murɗa makulli, ta ja ƙofa.

Goggo na tsaye da makullin mota a hannu, ta buɗe baki za ta yi wa Sanƙo faɗan jinkiri. Sai ta ga wadda ta buɗe. Makullin ya faɗi. Ta dubi fuskar, ta dubi ƙafafun, ta sa hannu ta rufe baki.

"Inna..."

"Kuka za ki yi ko gaishe ni za ki yi? Shigo, kina sa min ƙuda a gida."

Goggo ta shigo tana share hawaye, tana kai hannu za ta riƙe ta tana fasawa. Sanƙo ya jawo kujerar falo, Kaka ta zauna da kanta, a hankali, kamar mai saukowa daga abin hawa.

"Ki je ki kwance akwatunan nan," ta ce. "Ba inda za ni."

"Inna, na gode wa Allah, amma tafiya ɗaya ce fa. In kika sake faɗuwa ke kaɗai a gida?" Ta juya ga Sanƙo. "Kai ne likita, faɗa mata gaskiya."

"Gaskiyar Goggo ce," ya ce. "Yau farawa aka yi. Sai an kafa ƙarfen riƙewa a banɗaki, a shimfiɗa roba mai hana santsi. Sai an yi sati uku ana tafiyar nan safe da yamma, kuma da mutum a gidan. In ta yi haka, ban ga dalilin ɗauke ta ba."

Goggo ta dubi uwarta, wadda ke zaune ƙyam tana gyara ɗankwali. Ta sauke numfashi.

"To ni zan dawo nan in yi sati ukun. Tunda kin ƙi zuwa gidana, ni na zo naki."

"Ki zo da tsumman goge ƙura."

Sanƙo ya tsaya tsakiyar falo ya buɗe hannuwa. "To a yi min godiya. Likitoci uku sun gwada sun kasa. Ni da tabarau ɗaya na tayar da matata."

"Ka tayar da wa? Kai da aka sa maka shi ka fito kana wash? Abu ɗaya muka sa, ni na fito da tafiya, kai ka fito da ciwon baya. Goggonsa, ba ki gani ba, da sai kin ba shi sanda."

"Sharri ne, Goggo."

"Yi mata yadda ka yi. Dafa gwiwar."

Goggo na dariya da sauran hawaye a fuska. Kaka ta leƙa ta ƙofar da ke buɗe, ta hango titi, da mai shagon tsallake yana jera kaya.

"Wancan mutumin ya zo dubiya ya ce min in yi haƙuri, haka tsufa yake. Ina so ya gan ni a tsaye a ƙofar gidana. Yanzu."

"Taku uku kawai, zuwa dakali," in ji Sanƙo. "Amma ba da ƙafa tsirara ba. Goggo, a taimaka da takalminta."

Goggo ta shiga ɗaki. Suka ji tana jan durowa, tana buɗe akwati. Ta fito hannu wofi.

"Inna, ina takalmanki? Ko silifa ban gani ba."

Kaka ta kawar da kai. "Na rabar."

"Yaushe?"

"Tun wata na uku. Duk mai zuwa dubiya na ba ta ɗaya. Na ce me zan yi da su."

Goggo ta dubi Sanƙo. Shi ma bai sani ba, duk da yana zuwa sau uku a mako.

Ya sunkuya ya kwance igiyar kambas ɗinsa, ya zare su duka biyu, ya durƙusa a gabanta.

"Me za ka yi? Kwale-kwalen nan za ka sa min?"

"Kawo ƙafar, tsohuwa."

Ya zura mata na dama. Ya shige daidai, ba ragi ba ƙari. Ya danna gaban da yatsa, ya ɗago yana dubanta.

"Ka gani?" ta ce. "Ƙato da kai, ƙafar mata gare ka. Tawa ce ka sata tun a ciki, yau ka dawo da ita."

Ya sa mata na hagu, ya ɗaure igiyoyin tsam. "Na bar miki su. Kuma na sallama, ba yarinyar ba ce. Ke kika yi tafiyar."

"Me ka ce? Kunnena ya tsufa."

"Na ce ke kika yi."

"Goggonsa, ke shaida ce. A durƙushe ya faɗa."

Ta kama ƙarfen ta miƙe, ta buga kambas ɗin a ƙasa sau biyu don ta ji zamansa. Sanƙo ya tashi ya koma bayanta ya kama ɗamarar, daga shi sai safa. Ta dubi ƙasa, wannan karon ba ƙafarta take kallo ba. Babban yatsansa ya fito ta hudar safa yana leƙen duniya.

"Dubi likita. A haka za ka raka ni gaban mutane?"

Ya fashe da dariya yana ƙoƙarin naɗe yatsan. "Ki rufa min asiri, amarya."

"Ɓoye shi a bayana. In mun dawo ka cire ta ka kawo min da zare da allura. Wangale ƙofar da kyau, ina so ya gan ni tun daga nesa."